Marsandin Baffa da Murfin da Aka Liƙa Sau Biyu

Tsaga bakwai muka ƙirga a saman dashbod ɗin motar Baffa, wato allon gaba da ke ƙarƙashin gilashi, ranar da muka ɗage kafet ɗin da ya rufe shi. Uku manya ne, ɗaya har ɗan yatsana yana shiga cikinta. Sauran huɗun ƙanana, kamar faso a dunduniyar mai yawo ba takalmi lokacin hunturu. Baffa yana tsaye riƙe da ƙofar motar, bai ce uffan ba. Ya fi shekara goma rabonsa da ganin wurin, don tun da tsagar farko ta bayyana ya sa aka yanko masa kafet aka shimfiɗa, yadda kusan duk mai tsohuwar mota yake yi a Kano, ya kawar da kai.

Motar Mercedes-Benz ce 230E ƙirar 1983, daga jerin da kamfanin ya yi wa lamba W123. An fara sayar da wannan jerin a farkon 1976, aka rufe ƙera shi a Janairun 1986, bayan an fitar da kusan mota miliyan 2.7. Ita 230E ɗin a 1980 ta shigo, da inji mai lita 2.3. Ta Baffa ruwan madara ce a waje, cikinta shuɗi. Inji lafiya lau, giya ba ta gardama, bodi ba tsatsa sai ɗan abin da ba a rasa ba a ƙarƙashin batir. Ba ta fita kullum. Masallacin Juma'a, ɗaurin aure, gaisuwar rasuwa, sai kuma zuwa ƙauye da sallah. Ni ne direbanta tun da idon Baffa ya fara rauni, kuma ni na tayar da maganar gyaran, don haka kuskuren da za ku karanta a ƙasa ina da kaso mai tsoka a cikinsa.

Abin da ya ci dashbod ɗin

Kafin mu san me za mu yi, sai da na sa reza na yanko ɗan leɓen babbar tsagar na duba. Hawa uku ne. Can ƙasa akwai ƙashin da ke riƙe da siffar, a kansa soso mai ruwan ɗorawa, sannan fatar leda mai zanen fata a sama. Sabuwar leda irin wannan tana lanƙwasuwa ne saboda wani mai da ake gauraya ta da shi a masana'anta. Zafi da hasken rana su ke korar man nan a hankali, shekara da shekaru. Wanda ya taɓa lura da wani hazo mai maiƙo da ke kwanciya a cikin gilashin gaba, ya goge ya dawo, to wani ɓangarensa ran dashbod ɗinsa ne ke fita. Idan man ya ƙare sai ledar ta ƙanƙance, ta bushe kamar ƙanzo. Tana so ta tsuke, ƙashin da ke ƙasa bai ba ta dama ba, sai ta yage a inda ta fi rauni: bakin ragar lasifika, kusurwar ramukan iskar da ke busa gilashi, da gindin tudun da ke rufe mitoci.

Guntun da na yanko, ina lanƙwasa shi ya karye ƙas. Soson da ke ƙarƙashin tsagar kuma ya zama gari, ina murzawa yana bin yatsa kamar garin ƙuli-ƙuli. Leɓunan manyan tsagogin sun ɗaga sama, sun naɗe, wasu sun kai kaurin tsinken ashana biyu. Wannan ɗagowar ita ce daga baya ta ba mu wahala.

Masu irin wannan mota a Turai da Amurka sun daɗe suna cewa shuɗin dashbod ya fi kowanne saurin tsagewa. Ko da baƙi ne ma ba zai tsira a nan ba. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa, saman dashbod ɗin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya kaiwa 70 ko ya wuce. Motar Baffa ta yi shekaru tana yini a filin ajiye motoci na ma'aikatarsu, ba rumfa ba bishiya.

Hanyoyin da muka auna

Baffa cewa ya yi a mayar da kafet. Ba laifi, shi ne mafi araha, kuma yana kare rana. Sai dai kafet ɗin ya zama rumbun ƙura, yana toshe ramukan iskar gilashi, da damina sai na riƙa goge raɓa da hannun riga ina tuƙi.

Wani fanel-bita ya ce zai cike tsagogin da filar bodi ya goge ya fesa fenti. Na taɓa ganin irin aikin a wata tsohuwar Fijo: wata biyu ya yi kyau, sannan tsagar ta dawo a gefen filar, tana bin ta kamar an zana da biro. Fila ba ta motsi, ledar da ke kewaye da ita kuwa ba ta daina tsukewa ba.

Na zaga Ƙofar Ruwa neman tsohon dashbod, na sa aka tambaya mini a Panteka ta Kaduna. An samu biyu. Ɗaya ya fi namu lalacewa. Ɗayan baƙi ne, tsaga ɗaya tak, mai shi yana rantsuwa daga Jamus ya zo. Na yarda da shi. Amma shi ma ya haura shekara talatin da biyar, kuma lafiyarsa ta ƙasar sanyi ce. Ban ga abin da zai hana bazara ɗaya ta gama da shi ba. Ga kuma aikin sauyawa: a cire sitiyari, mitoci, akwatin ajiya, maɓallan hita, bututun iska, da tarin 'yan maƙalan roba waɗanda ko kallonsu ka yi da ƙarfi sai su karye. Tsohuwar motar da komai nata ke aiki, ba na son a yi mata wannan fiɗar. Garin neman gira ake rasa ido.

Akwai kamfanoni a Amurka da ake aika musu tsohon dashbod su kankare shi har ƙashi, su zuba sabon soso, su ja sabuwar leda da injin zuƙar iska. Wannan shi ne gyara na gaskiya. Kuɗinsa da na jirgi zuwa da dawowa, da na lissafa wa Baffa, dariya kawai ya yi, ya ce, “Kai, ashe motar zan sayar in gyara mata goshi.”

Sai murfi. Ɗan Baffa da ke aiki a Texas ne ya turo hoton. Roba ce siririya mai tauri, irin wadda ake kira ABS, kaurinta bai kai milimita 2 ba, an gasa ta an zuƙe ta a kan siffar dashbod ɗin asali, da ramukan iska da na lasifika duk a yanke. Ba a cire tsohon. Kifa ta ake yi a kansa kamar hula, a liƙe da gam ɗin silikon. Ba kamfanin Mercedes ke yin ta ba, ƙananan masana'antu ne masu yi wa tsofaffin motoci kaya.

Abu biyu suka sa ta dace da mu. Na farko, sitiyarin motocin Amurka a hagu yake kamar namu, tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972. Da daga Ingila aka sayo, da tudun mitocin ya faɗa gaban fasinja. Na biyu, duk da ba a sayar da 230E a Amurka ba, an sayar da 'yan uwanta 240D da 300D da 280E a shekaru daban-daban tsakanin 1977 da 1985, kuma siffar dashbod ɗinsu ɗaya ce. Inda aka so a yi tuntuɓe shi ne, da yawa daga na Amurka suna da ɗan ramin na'urar auna zafin cikin mota a tsakiyar dashbod, ta Baffa kuwa ba ta da shi. Saura ƙiris ɗan'uwana ya biya kuɗin mai ramin, sai Allah ya sa ya ce in turo masa hoto daga sama.

Abu ɗaya da ya kamata mai sabuwar mota ya sani kafin ya yi sha'awar wannan dabara: a W123 babu jakar iskar kariya a gaban fasinja, ko wadda aka yi wa oda ta musamman a sitiyari take. Motar da ke da jaka a cikin dashbod, liƙa mata roba a kan ƙofar jakar wasa da rai ne.

Liƙin farko

Kwalin ya iso a ƙarshen Disamba, dogo, mara nauyi, yaro ma zai ɗauka da hannu ɗaya. A ciki akwai murfin, baƙi, da takardar bayani shafi guda, da ɗan tubin silikon da bai fi na man goge baki girma ba.

Na kai motar wurin wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota, wanda ya yi wa Baffa aiki tun ina makarantar firamare. Gwani ne, ba na ɗauke masa wannan. Ya juya murfin, ya ƙwanƙwasa, ya kifa shi a kan dashbod, ya ce Bature ya iya awo. Sai ya ɗaga tubin da yatsa biyu.

“Wannan ne gam ɗin? Duka?”

“Shi ke nan, Baba. Sun ce a bakin-bakin kawai za a zizara, kada a sa a tsakiya.”

“Yaro, rowa ce irin ta kamfani. Wannan ko takalmi ba zai riƙe ba a ranar garin nan.”

Na karanta takardar, na fahimce ta sarai. Amma ni ma da na dubi faɗin murfin na dubi tubin, sai zuciyata ta bi maganar dattijon. Kuma da nauyi ka tsaya kana yi wa sa'an mahaifinka gardama a kan sana'arsa, a gaban yaransa. Aka aiki yaro ya sayo manyan tubi biyu na silikon irin na masu aikin gilashi da alminiyam. Aka goge dashbod da tsumma da ruwan omo. Leɓunan tsagogin da suka ɗaga, aka ce murfin zai danne su. Aka lafta silikon ko'ina, aka cike tsagogin da shi, aka zana shi layi-layi a tsakiya kamar ana shafa wa burodi bota. Aka kifa murfi, aka ɗora bulo biyu a kan tsumma, aka cusa kwalaye tsakaninsa da gilashi. Da safe aka sauke. Warin tsamin silikon ya cika motar, amma aiki ya yi kyau ƙwarai. Baffa ya shafa, ya ce, “Madalla. Sai dai baƙi ne.” Wannan a tsakiyar Janairu ke nan.

Har ƙarshen Fabrairu ba abin da ya faru, ban da warin da ya ƙi tafiya. Wannan warin shi ne gargaɗin farko, ban gane ba.

A makon ƙarshe na Maris muka je ɗaurin aure, motar ta yi kamar awa uku a rana, gilasai a rufe. Da muka dawo sai na ga wani ƙusumbi a gaban fasinja, faɗinsa kamar tafin hannu biyu. Na danna, ya yi ɓoƙ ya koma, na saki ya dawo. Da yamma ya kwanta. Washegari ya sake tashi, da ƙaninsa a kusa da tudun mitoci. Kafin tsakiyar Afrilu ƙusumbin ya daina kwanciya, gefen da ke bin gilashi kuma ya ɗaga har ana hango shuɗin da ke ƙasa. Baffa ya dube shi ranar wata Juma'a, ya ce, “Gyaran gangar Auzinawa.” Bai ƙara ba, ni ma ban tanka ba.

Me ya faru a ƙarƙashin murfin

Na daɗe ina zargin kayan. Sai da muka ɓamɓare shi na ga laifin namu ne, kuma ba ɗaya ba.

Babban shi ne gam ɗin tsakiya. Roba irin wannan tana miƙewa da zafi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba. Tsawon murfin ya kusa mita ɗaya da rabi. Daga sanyin asubar hunturu zuwa zafin azahar ɗin bazara a bayan gilashi, bambancin zai kai digiri 60. Idan ka buga lissafi, murfin yana ƙara tsawon da ya kai milimita 6 zuwa 8. A ido ba komai ba ne, amma dole ya sami inda zai je. Idan bakin-bakin kawai aka liƙe da siririn silikon, wanda shi kansa yana talewa kamar danƙo, sai faɗin murfin ya yi numfashi gaba ɗaya, ya ɗan ɗaga kaɗan ko'ina yadda ido ba zai kama ba. Mu kuwa mun kafe shi a wurare goma sha. Tsakanin kowane kafi biyu robar ta rasa hanya, sai ta yi sama. Da ta yi ta yi a cikin zafi, sai ta riƙe siffar. Wato ƙanƙantar tubin nan ba rowa ba ce. An auna shi ne don kada mai aiki ya samu abin da zai yi ɓarna da shi.

Na biyu, man sheƙi. Shekaru kafin zuwan kafet, masu wankin mota sun yi ta fesa wa dashbod ɗin man nan da ke sa shi ƙyalli, kuma ko bayan kafet ba su daina shafa wa fuskarsa da gefunansa ba. Yawancin irin man nan akwai man silikon a ciki, kuma abin mamaki, ba abin da gam ɗin silikon ya ƙi jini kamarsa. Ruwan omo sau ɗaya bai fitar da shi ba. A gefen gilashi gam ɗin ya kama murfin gam-gam, amma daga jikin dashbod ya saɓule sumul kamar ɓawon dafaffen ƙwai.

Na uku ban taɓa tunaninsa ba sai da na gani. Silikon ba bushewa yake yi kamar fenti ba. Danshin da ke cikin iska yake sha ya daskare, daga waje zuwa ciki. Mu kuma a tsakiyar hunturu muka yi aikin, lokacin da leɓe ke fashewa don bushewar iska, muka kuma lafta shi da kauri muka rufe da robar da iska ba ta ratsawa. Dare ɗaya muka ba shi. Da muka buɗe bayan watanni, wanda aka cusa a cikin babbar tsagar cikinsa bai gama ƙwari ba, yana nan kamar cingam. Takardar da ta zo da kayan ba ta yi maganar wannan ba, don wanda ya rubuta ta bai san hunturun Kano ba.

Na huɗu, leɓunan tsagar da ba mu aske ba. Murfin bai danne su ba. Su suka tokare shi, ya zauna a kansu kamar faifai a kan tsakuwa.

Liƙi na biyu

Na jira damina da gangan. A watan Agusta na koma wurin dattijon. Na yi ta shirya yadda zan faɗa masa ba tare da na ci fuskarsa ba, sai ya riga ni. Ya danna ƙusumbin da babban yatsa, ya ce, “Gam ya yi yawa.” Na ce, “Haka na gani, Baba.” Ya ce, “To karanto mini takardar nan taka daga farko, a hankali.”

Cire murfin ya ci yini guda. Ba a fizga, don zai tsage ko ya taho da fatar dashbod. Zaren ɗinkin kujera mai ƙwari dattijon ya zura ta ƙarƙashi, shi a wannan ƙofa, babban yaronsa a waccan, suna ja suna saki kamar masu zarto, zaren yana yanka silikon ɗin kaɗan-kaɗan. Zare ya tsinke ya fi sau goma. Bayan ya fita sai kankare tsohon gam daga bayan murfin, da katako mai baki da farce, domin sabon silikon ba ya kama tsoho. Wani yaro ya kawo tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, zai zuba, na riƙe hannunsa. Tina tana narkar da irin wannan roba. Ɗigo ɗaya da ya faɗa a gefen da ba a gani ya bar tabo mai danƙo.

Ƙusumbin kuma rana ce ta yi shi, ita muka sa ta gyara. Muka kifa murfin a kan dashbod ba gam, muka ɗora buhunan yashi ƙanana a kan tudun, muka bar motar a rana gilasai a rufe, da yamma mu tura ta inuwa ta huce da nauyin a kanta. Kwana huɗu muna haka, muna fakon ranar da hadari bai rufe ba. Babban ya kwanta, saura wata 'yar inuwa da sai ka san wurin za ka gani.

A wannan karon mun cire abin da ya kamata a cire tun farko: sitiyari, rufin ginshiƙan gilashi na hagu da dama, da ragar lasifika. Akwatin mitocin W123 ba noti ke riƙe da shi ba, roba ce ta matse shi a raminsa, ana turo shi ta baya. Sai dai mitar baƙin mai ta motar ba ta lantarki ba ce. Siririn bututu ne ke kawo man daga inji har bayan mitar. Mun kwance shi don akwatin ya fito sosai. Ana cikin haka hadari ya taso, sai na ji ƙarar makulli: ƙaramin yaron shagon ya shiga zai tayar da mota ya matsar da ita ƙarƙashin rumfa. Tsawar da dattijon ya daka masa har masu shayi na tsallaken titi sai da suka waiwayo. Da injin ya tashi, da baƙin mai ya wanke shuɗin kafet da kujerun Baffa. Tura ta muka yi, na zare makullin na sa a aljihu, na cire kan batir.

Sai shirin dashbod, wanda shi ne ainihin aikin. Da sabuwar reza dattijon ya bi kowace tsaga yana aske leɓenta a karkace har ya koma ƙasa da sauran fatar. Ya kakkaɓe rubabben soso, ya yanka sabon soso siriri ya cusa a manyan ramukan don kada murfin ya lotsa idan an dafa. Ya bi da samfefa mai kaushi, yana shafawa da tafin hannu, ido a rufe, yana neman abin da ya tsaya. A nan na ga shekarunsa a sana'a. Abin da hannunsa ke ji, idona bai gani ba. Sannan wanki: ruwan goge gilashi mai ammoniya sau uku, kowane karo da sabon farin tsumma, sai sifirit a ƙarshe. Gwajin da muka yi mai sauƙi ne. Ka ɗiga ruwa. Idan ya dunƙule kamar a kan ganyen gwaza, da sauran mai. Idan ya baje, wuri ya yi. Duk inda gam zai zauna, a dashbod da bayan murfin, an ɗan karce shi da samfefa.

Mun gwada shi ba gam ya kai sau shida. A gefen ramin iskar hagu yana cizo, aka rage da samfefa. Aka mayar da akwatin mitoci a gani ko zai shiga, aka buɗe akwatin ajiya aka rufe, aka rufe ƙofofi a ga ko suna gugar kunnuwansa. Duk inda za a sa nauyi ko tokari, sai da muka tanade shi a gefe, domin silikon yana fara yin fata cikin 'yan mintuna, ba lokacin neman kwali ba ne.

Maganar launi ma a nan aka gama ta. Mai fenti ya so ya fesa fentin mota mai ƙyalli. Na ƙi, don dashbod mai sheƙi yana haskawa a cikin gilashi, direba ya riƙa ganin hotonsa a kan titi. Muka samo fentin gwangwani na roba, shuɗi mai duhu mara ƙyalli, aka fesa siriri sau uku, aka bar shi kwana biyu kafin a taɓa.

Gam ɗin da muka sa a ƙarshe bai kai rabin tubi ɗaya ba. Layi guda, kaurin fensir, kamar inci ɗaya daga baki, ya zagaye murfin, sannan ya zagaye kowane ramin iska da na lasifika da na mitoci. Tsakiya ko ɗigo. Na ga hannun dattijon ya tsaya a saman tsakiyar, bakin tubin yana kallon ƙasa. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ajiye.

Mutum biyu suka shigar da shi, gefen gilashi ya fara zama, sannan aka kwantar da fuskar. Kwali naɗaɗɗe tsakanin gilashi da murfi, ba da ƙarfi ba, don tsohon gilashi ba ya son matsi. Buhunan yashi a sama maimakon bulo, saboda yashi yana bin siffar wuri. Sandunan katako masu tsumma a baki, an tokare su daga jikin kujeru zuwa fuskar dashbod. Tef ɗin takarda a kunnuwa. Motar ta kwana uku a rumfa, gilasai a sauke, iskar damina tana shiga tana fita. Da muka sauke kayan babu wari.

Bayan bazara guda

Yanzu murfin ya ga hunturu ya ga bazara. Bai kumbura ba, bai ɗaga ba. Da azahar idan ka danna tsakiyarsa za ka ji ya ɗan saki, da dare ya koma ya kwanta, kuma haka aka gina shi ya yi.

Amma kada in yi muku ƙarya, murfi murfi ne. Daga waje ta gilashi, ko daga kujerar baya, ba wanda zai ce ba na asali ba ne. Wanda ya zauna a gaba kuma ya san motar zai gane cikin minti ɗaya. Bakinsa yana nunawa a kewayen ramukan iska masu zagaye. Zanen fatarsa ya fi na asali kaushi. Shuɗin namu ya fi na ƙofar akwatin ajiya duhu kaɗan. Idan ka ƙwanƙwasa, ƙwas-ƙwas yake yi, ba irin tattausar amsar soso ba. A hanyar ƙauye mai gargada akwai wani ɗan ƙiƙi-ƙiƙi da yake yi ta kusurwar dama, na cusa guntun ƙyalle ya ragu, bai ɗauke ba. Tsagogin kuma suna nan a ƙasa, ba su warke ba, an dai raba su da rana. Wanda yake son motarsa ta koma yadda ta fito daga masana'anta, ko yake shirin sayar wa masu tara tsofaffin motoci, wannan ba hanyarsa ba ce. Masu sayen ma suna ɗaukar murfi alamar akwai abin da aka ɓoye. Ga motar da aikinta kai tsoho masallaci, ni a ganina ya wadatar, kuma da za a sake, shi zan sake zaɓa.

Na hana masu wanki fesa masa komai; ɗanyen tsumma kawai. Na sayi abin tare rana mai naɗewa na gilashin gaba, in kuma akwai inuwa, ko da nisa, can nake ajiye ta, Baffa yana mita yana takawa.

Tsohon kafet ɗin na so in jefar, ya hana. Ya sa an wanke shi, an naɗe, yana cikin but kusa da safaya. Ranar Juma'ar da ta wuce, muna fitowa daga masallaci, na tarar ya riga ni isa motar, ya buɗe but ɗin da kansa, ya ɗauko kafet ɗin ya shimfiɗa a kan sabon murfin.

Na ce, “Baffa, ai yanzu ba ya buƙata.”

Ya ce, “Na sani. Kada rana ta ɓata shi.”